Ruwan batir ba ya kwance injin da ya cije

Wani saƙon murya yana yawo a wayoyin mutanenmu daga Tarka har Belbeji da Tanut. Mai maganar ya ce shi gwanin injin jirgin ruwa ne, wai duk injin da ya cije, a cire buji, wato fulogi, a ɗura ruwan batir ta ramin, a bari ya kwana, da safe a fizgi igiya. Mu Damargu ba mu da kogi, amma 'yan ciraninmu suna aiki da injin Yamaha Enduro a bakin Tafkin Chadi, kuma ƙaramin janareto na Tiger da tsofaffin baburan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai duk ƙira ɗaya ce. Saboda haka maganar ta shafe mu.

Ban ga laifin wanda ya yarda ba. Sabon inji ya fi ƙarfin talaka, kuma kowa ya san asid yana cin tsatsa. Wanda ya naɗi saƙon ne ban gane masa ba, domin duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan inji ya san ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa. Haɗin fetur da mai yana bi ta ɗakin karanshaf ya shafi boris, sannan ya hau silinda ta wasu ƙofofi a jikin bangonta. Abin da ka zuba ta sama yana iya gangarawa ta waɗannan ƙofofin ya kwanta a kan boris. Ruwan batir kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku asid ne, saura ruwa. Fistin alminiyam ne, asid yana cin sa, ruwan kuma ya ƙara wa zobba da boris tsatsa. Ka shiga da ciwo ɗaya, ka fita da uku. Mafi muni, idan fistin ya motsa, abin da ya taru a sama zai feso ta ramin buji, daidai inda mai gyara ya sunkuyar da fuskarsa.

Akwai ɗan abin da ƙaryar ta jingina da shi. Wasu makanikai sukan goge alminiyam ɗin da ya narke ya manne wa silinda da wani asid daban, amma sai sun warware injin sun cire fistin gefe. Suna amfani da shi ne domin yana cinye alminiyam, ƙarfen da aka ƙera fistin da shi.

Cijewa iri biyu ce. Injin da ya daɗe a ajiye, ko ya sha ruwa, tsatsa ce ta riƙe zobbansa. A nan saƙon ya faɗi gaskiya guda: jiƙawa tana aiki, amma da gas ko kananzir haɗe da ɗan baƙin mai, a bar shi kwanaki, ana juya kan injin gaba da baya da sufana a hankali. Sau da yawa yakan saki, ba kullum ba. Wanda ya cije yana cikin aiki kuwa, don ƙarancin mai ko zafi, sai an buɗe shi. Injin jirgi ma wani lokaci ba kansa ne ya cije ba, giyar ƙasa ce da ke juya farfela, don haka a fara raba su a gani.

Wasu kuma sukan ce a zuba Coca-Cola a maimakon ruwan batir, amma galibinta ruwa ne da sukari. Dukan fistin da guduma ta ramin buji kuwa huda shi zai yi.

Idan Allah ya sa ya saki, kada a tada injin jirgi a tudu, domin robar famfon sanyaya shi tana ƙonewa nan da nan in babu ruwa. Haɗin mai kuma a bi na kamfani: yawancinsu 50 da 1 ne, wato mililita 20 na baƙin mai a kowace litar fetur.