Ɗan Ƙwallo Ya Faɗi A Fili: Allura Ce, Zuciya Ce, Ko Gudan Jini?

Da zarar bidiyon ɗan ƙwallon da ya yanke jiki ya faɗi ya shigo WhatsApp, kafin ma a kai shi asibiti an gama yanke hukunci a gidajen kallon ƙwallo na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa: allurar korona ce ta daskarar masa da jini. Annobar ta wuce da shekaru, amma zancen yana nan da ransa. Abin da ke ci mini rai shi ne ana haɗa ciwo biyu mabambanta a kira su da suna ɗaya, a ɗora wa allura, sannan a bar abin da ke kashe 'ya'yanmu a fili ba wanda ya tanka masa.

'Yan ƙwallo sun daɗe suna faɗuwa. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Legas, Nijeriya na karawa da Angola, bai tashi ba. Binciken gawarsa ya nuna zuciyarsa ta yi girma fiye da kima, ga kuma hawan jini. A Yunin 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Lyon na Faransa, shi ma kaurin tsokar zuciya ne. Na kusa da mu shi ne Chineme Martins na Nasarawa United, wanda ya faɗi a Lafiya ranar 8 ga Maris 2020 a wasansu da Katsina United. Motar asibitin da aka ajiye a filin ta ƙi tashi, yaron ya rasu. Allurar korona ba ta sauka a Abuja ba sai 2 ga Maris 2021, kusan shekara guda bayan rasuwarsa. Christian Eriksen kuwa, wanda aka fi kafa hujja da shi, ƙungiyarsa ta wancan lokaci, Inter Milan, ta bayyana cewa ba a yi masa allurar ba lokacin da ya faɗi a wasan Denmak da Finland a Yunin 2021. Ya rayu saboda cikin 'yan mintuna an danna masa ƙirji an kuma sa masa na'urar farfaɗo da zuciya.

Manomin rani zai fahimci bambancin nan da nan. Injin ban-ruwa yana iya mutuwa farat ɗaya yana tsaka da aiki, ruwa ya ɗauke ko'ina: wannan ita ce tsayawar zuciya, kuma ita ce ke kayar da mafi yawan matasan da ke faɗuwa suna gudu. Wani lokacin kuma injin lafiya lau yake, laka ce ta taru a tiyo sannu a hankali, har wata rana ɓangarenta ya ɓalle ya toshe inda ruwan ke fita. Wannan shi ne gudan jini. Yakan fara ne a jijiyar da ke can cikin sharaɓa ko cinya, idan ya ɓalle sai ya bi jini ya maƙale a huhu.

Gudan jini yana kama 'yan wasa, ba shakka, tun kafin a san wani abu wai shi korona. Serena Williams 'yar wasan tanis ta kwanta da shi a huhu a 2011. Chris Bosh na ƙwallon kwando ya gamu da shi a 2015, ya dawo masa a 2016, daga nan ya yi sallama da wasa. A Fabrairun 2025 an gano shi a kafaɗar Victor Wembanyama, shi ma ɗan ƙwallon kwando, aka ajiye shi har ƙarshen kaka. Mutane kan yi mamakin yadda mai ƙarfin jiki haka zai kamu, alhali rayuwar ɗan wasa cike take da abubuwan da ke jawo shi. Jinin ƙafa sama yake hawa, kuma motsin tsokar sharaɓa ne ke tura shi. Yaro ya sha taka a ƙwauri, jijiya ta ƙuje daga ciki, a ɗaure ƙafar a kwantar da shi mako uku, ko kuma ya buga wasa cikin rana bai sha isasshen ruwa ba, a cusa shi a bas ya kwana a naɗe daga Kafanchan zuwa Legas. Jinin da ya tsaya wuri ɗaya daskarewa yake yi. Ƙara da tiyata, da ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin estrojin ga mata, da alluran ƙara tsoka da wasu samari ke saye a ɓoye. Akwai kuma gado: kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila, kuma bincike ya nuna haɗarin gudan jini a huhu ya ɗan fi yawa a wurinsu, ko da yake wannan bai hana su wasa ba.

Alamarsa ba ta da hayaniya, shi ya sa ake raina ta. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, ta yi ɗumi, sharaɓa tana ciwo ba dalili. A wajenmu abin da ake fara yi shi ne a kai wa mai ɗori ya murza da man zafi. Masu ɗori suna da aikinsu, amma wannan kumburin ba na murzawa ba ne, domin murzar na iya ɓalle gudan. Idan numfashi ya fara sarƙewa, ƙirji na suka, ko tari ya fito da jini, asibiti za a nufa a daren. Hoton jijiya yana nuna shi, kuma maganin tsinka jini na 'yan watanni yana magance shi.

To allurar fa? A nan ne masu jita-jita ke riƙe da ɗan guntun gaskiya. Ranar 7 ga Afrilu 2021 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce akwai yiwuwar alaƙa tsakanin allurar AstraZeneca, wadda ita ce ta fara zuwa Nijeriya, da wani nau'in gudan jini da ba kasafai ake gani ba. Birtaniya ta koma ba 'yan ƙasa da shekara 30, daga baya 40, wata allurar daban. Mutane sun mutu, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Sai dai abin mutum ɗaya yake samu cikin dubun-dubata, kuma cikin 'yan makonnin farko bayan allura yake bayyana. Wanda aka yi wa a 2021 ba ita za ta kayar da shi yau ba. Ita kanta cutar korona ta fi allurar jawo gudan jini nesa ba kusa ba.

Hukumar NAFDAC da hukumar kiwon lafiya a matakin farko sun ce a ci gaba da allura, amfaninta ya rinjayi haɗarinta. A ganina hukuncin daidai ne. Inda suka gaza shi ne bayani. Galibinsa a taron 'yan jarida a Abuja ya tsaya, abin da ya iso ƙauye kuwa jimla ɗaya ce: ba ta da illa. Da kamfanin ya janye allurar daga kasuwa a Mayun 2024, yana mai cewa buƙatarta ta ragu, sai mutane suka ji kamar an yaudare su. Arewa kuwa ba ta manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara 200 masu sanƙarau a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da jihar a kan dala miliyan 75 a 2009. Wanda ya san wannan tarihi yana da haƙƙin a gaya masa haɗari komai ƙanƙantarsa, da Hausa, da Jju, da Tyap, da Hyam, a coci da masallaci.

Yara ne ke ɗaukar nauyin wannan rashin yarda. A Yulin 2023 mashaƙo ya ɓarke a Kafanchan ya kashe yara, cutar da riga-kafinta ke cikin alluran jarirai da ake yi kyauta a asibitocin gwamnati. Uwar da bidiyon ɗan ƙwallo ya tsorata ba ta bambance allurar korona da ta mashaƙo, duka take gudu.

Yanzu da aka mayar da asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya, ya kamata likitocinsa su fito su yi wa jama'a wannan bayani da bakinsu. Ku kuma masu shirya gasar unguwanni da ta ƙarshen shekara a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf da Jaba, kafin ku sayi kofi ku sa a auna jinin kowane yaro, a saurari zuciyarsa, a tambaye shi ko ya taɓa suma yana gudu, ko wani a gidansu ya taɓa mutuwar fuju'a yana matashi. Ku tanadi mutum biyu da suka iya danna ƙirji, kuma kada a busa usur sai kun ji ƙarar motar da za ta kai mai rauni asibiti.