Shin Ko Kun San? Marasa Aikin Tamale da Waɗanda Ake Lissafawa

Shin ko kun san ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna kashi 13.4 cikin 100 na masu ƙarfin aiki a Ghana ba su da aikin yi? A tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 24 kuwa abin ya kai kashi 32.8, wato kusan ɗaya cikin uku. A jimillar masu ƙarfin aiki, mata sun fi maza shan wannan wahala: kashi 15.5 a wajensu, maza kuma 11.6.

Shin ko kun san aikin awa ɗaya tal a mako ya isa a rubuta mutum cikin masu aiki? Haka ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take. Saurayin da ya ari keken yalo-yalo ya yi jigila rana guda daga Aboabo zuwa Sagnarigu a yankin Tamale, sauran kwana shida yana zaune a majalisar shayi, a takarda ma'aikaci ne. Haka matar da ta dama kokon safe ta sayar, ko ribar ba ta kai kuɗin gawayi ba. Shi ya sa alƙaluman ba sa faɗin duk abin da ido ke gani a Tamale. Damina ɗaya ce a arewacin Ghana, tana ɗaukewa wajen Oktoba, daga nan manomi sai zaman jiran ruwa na wata da watanni, amma sunansa na nan a layin masu sana'a.

Shin ko kun san hukumar fansho ta SSNIT ba ta biyan kowa kuɗin rashin aiki? A dokar fansho ta 2008, ana cire kashi 5.5 daga albashin ma'aikaci, mai aikin ya ƙara kashi 13. Abin da za a samu a ƙarshe na tsufa ne, ko na nakasa, ko na magada idan rai ya yi halinsa. Fansho sai an zuba na wata 180, shekara 15 ke nan. Wanda aiki ya kuɓuce masa yana ɗan shekara 35, wannan asusu ba zai ciyar da shi gobe ba. A watan Yulin 2020, lokacin korona, ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya yi shelar kafa inshorar rashin aiki ta ƙasa. Afirka ta Kudu ta daɗe da irinta, inda ma'aikaci da mai aiki kowa ke zuba kashi 1.

Kuɗin sallama fa? Dokar ƙwadago ta 2003 ta tanadi a biya wanda aka rage saboda kamfani ya rufe ko ya sauya tsari, amma ta cire ɗan ƙodagon yini, da mai kwantiragi na ƙayyadadden lokaci, da wanda ke zaman gwaji. Masu dako da leburorin gini ba su ciki.

Shin ko kun san tallafin LEAP, wanda aka fara a 2008, ba na mai neman aiki ba ne? Gidajen da talauci ya yi wa katutu ake ba wa, su ma sai akwai tsoho ɗan shekara 65 zuwa sama, ko mai nakasa mai tsanani, ko marayu, ko mai ciki ko mai goyon jariri. Lafiyayyen saurayi, komai yunwarsa, bai cancanta da kansa ba.

Mai kwalin makaranta ya fi samun ƙofa, ko da ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Wanda ya gama Jami'ar UDS, da aka kafa a Tamale a 1992, yana da shekarar bautar ƙasa da ɗan alawus. A 2018 gwamnatin Akufo-Addo ta ƙaddamar da NABCO, ta ɗauki mutum 100,000 a kan sidi 700 a wata, duk masu takardar babbar makaranta. Shirin ya ƙare a 2022, da yawansu suna bin bashin alawus na watanni. Malaman jinya kuma sukan gama karatu su zauna gida shekaru suna jiran ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin ɗauka, alhali asibitocin ƙauyukan arewa na neman hannu. Wannan asara ce da ke ci mini rai ƙwarai.

Ga wanda bai yi nisa a boko ba, abin da ya rage shi ne hukumar YEA ta 'yan shekara 15 zuwa 35. Asalinta shirin NYEP ne na zamanin Kufuor a 2006, ya koma GYEEDA, aka ba shi sunan yanzu da doka a 2015. Gurabenta na wucin gadi ne, masu nema kuma sun ninka su.

Shin ko kun san 'yan matan da ke barin ƙauyukan arewa su tafi dako a kasuwannin Akra da Kumasi, waɗanda ake kira kayayei, da zarar sun ɗora kwano a ka sun fita daga lissafin marasa aiki? A kasafin 2017 gwamnati ta soke harajin kasuwa da ake karɓa a hannunsu. Ranar da ɗayarsu ta kwanta ciwo, ba fansho, ba kuɗin sallama, sai abin da 'yan ɗakinsu suka haɗa mata na mota zuwa Tamale.