Sukarin Masara Ko Na Rake: Ina Matsalar Take A Damargu?

A watan Yulin 2025 kamfanin Coca-Cola ya sanar cewa zai fito da lemo mai sukarin rake a Amurka, bayan Shugaba Donald Trump ya sa baki a maganar. Tun 1984 ake haɗa Coca-Cola da Pepsi na can da ruwan zaƙin masara, wanda ake kira HFCS, domin masara ta yi musu araha, gwamnati kuma ta taƙaita shigo da sukarin waje. Wanda ya tsinci labarin a waya a Tanut ko Balbaji zai ɗauka na masara ne guba, na rake kuwa lafiya lau. Ba haka abin yake ba.

Sukarin da muke saye a kanti rabi gulukos ne, rabi furuktos. Ruwan masarar da ake zubawa a lemo kashi 55 cikin ɗari na zaƙinsa furuktos ne, kusan duk sauran gulukos. Da zarar sun isa hanji, na rake ya rabu gida biyu, sai su zama kusan abu guda. Furuktos dai hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, idan ya yi yawa ta mayar da shi kitse, kitsen ya taru a cikinta, ya kuma ƙaru a jini. A 2004 masu bincike George Bray da Barry Popkin sun danganta yawaitar ƙiba a Amurka da HFCS, amma gwaje-gwajen da suka kwatanta shi da sukarin rake kai tsaye ba su ga wani bambancin a zo a gani ba. Ko zuma, duk darajar da take da ita a wajenmu, furuktos ɗinta ya fi gulukos yawa.

Damargu kuwa, yankin su Tanut da Balbaji, ba ta taɓa zama ƙasar zaƙi ba. Rumbun hatsin arewa ce. Ayarin Abzinawa kan kawo gishiri da dabinon Bilma da Fashi su koma da gero. Zaƙin mutanen da shi ne dabino, da ɗan zuma, da raken fadamun Korama na wajen Matamai da Magarya, wanda sai haƙori ya wahala kafin a sha ruwansa. Fura ma da nono ake dama ta, ba a neman ƙari.

Yanzu buhun sukari na shigowa ta Najeriya da sauran hanyoyin fatake, a ƙulla shi a leda daidai kuɗin kowa. Inda ya fi tafiya shi ne butar shayi. Je fadar samari ko rumfar dillalan dabbobi ran kasuwa ka duba: ƙaramar buta kan gawayi, koren ganyen Sin, a tafasa na farko mai ɗaci, a ƙara ruwa da sukari a yi na biyu, a sake ƙarawa a yi na uku, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa har kumfa ta tashi. Kofin ɗan mitsitsi ne, shi ya sa ba wanda ke lissafi. Amma ƙwayar sukari ɗaya giram 5 ce ko 6, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tun 2015 kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma 25. Mai zaman shayi safe da yamma da dare ya cinye rabonsa kafin ya taɓa kunu. Ga wutar hasken rana ta kawo firiji ƙauyukan da ba su san lantarki ba, sai zoɓo da lemun hari da garin jus na leda suka samu kasuwa a zafin bazara. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da giram 35 ko kusa. Da azumi kuma al'adar kai wa surukai sukari ta mayar da shi abin mutunci, wa zai ce a rage?

Abin da ya sa zaƙin abin sha ya fi muni shi ne ba ya ƙosarwa. Dabino yana da ɓawo da tsoka, mutum ya ci biyar ya gaji. Lemo kuwa a sha a kuma nemi tuwo. Sakamakon shi ne ruɓewar haƙori, teɓa, da ciwon suga mai tafiya tare da hawan jini. Akwai kuma wani haɗari da ya shafi yankin musamman. Waɗanda suka tashi cikin yunwar 1984 da ta 2005, ko suka yi tamowa suna ƙanana, sun fi saurin kamuwa da waɗannan cututtuka idan cimarsu ta canza a girma. Ciwon suga kuma tsada gare shi: gwaji, ƙwayoyi na har abada, allurar insulin da ba ta son zafi, da kuɗin mota zuwa babban asibitin Damagaram idan ƙafa ta yi gyambo.

Najeriya ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai zaƙi a 2022. Irin wannan haraji ba zai taɓa butar shayin Damargu ba. Don haka mai shekara arba'in da ke yawan jin ƙishirwa, yana tashi fitsari da dare, yana ramewa ba dalili, ya je asibiti mafi kusa a auna jininsa, tun ciwon bai kama ido ko ƙafa ba.