Harshen Bahaushe Da Kayan Zaƙin Tailan

A Birnin Kudu da Gwaram, sunan Tailan ya riga mutanenta isowa. A jikin buhu ya zo, domin shekara da shekaru shinkafa 'yar Tailan ce ta cika kasuwanninmu. Amma ɗalibi ko ɗan kasuwan da ya sauka a Bankok zai tarar da wannan shinkafa cikin wata kama dabam: an turara mai danƙonta, an zuba mata madarar kwakwa da sukari da ɗan gishiri, an jera yankan mangwaro a gefe. Suna kiranta khao niao mamuang. Da yawa daga cikinmu kan janye hannu tun a lomar farko, su ce wannan ba abincin Bahaushe ba ne. A ganina sun yi gaggawar yanke hukunci. Kayan haɗin duk namu ne, abin da ya bambanta shi ne gurbin da kowace al'umma ta ajiye wa zaƙi.

Mu duba nakiya, wadda ba a raba ta da garar amarya a kudancin Jigawa. Shinkafa ce ake dakawa da zuma ko sukari da kayan yaji. Ashe haɗa shinkafa da zaƙi tsohuwar sana'ar iyayenmu mata ce. Mangwaro kuwa da bazara har zubewa yake yi a garuruwanmu. Abin da ya fi burge ni shi ne giginya. Itacen da mutanen Tailan ke kira tan ɗan'uwan giginyarmu ne na jini, daga ruwansa suke dafa sukari mai launin ƙasa da ya yi kama da mazarƙwailar da muke samu daga rake, kuma da naman 'ya'yansa suke turara wata waina mai ruwan ɗorawa, khanom tan. Yaron da ya tashi yana shan giginya zai gane ƙamshin nan ko da idonsa a rufe. Mutanen Tailan su kansu ba duka kayan zaƙinsu suka gada ba. Foi thong, zaren gwaiduwar ƙwai da ake dafawa cikin ruwan sukari, ya samo asali ne daga Turawan Fotugal, kuma ana danganta yaɗuwarsa da wata mata, Maria Guyomar de Pinha, wadda ta zauna a birnin Ayutthaya tun ƙarshen ƙarni na 17.

To ina wahalar take? A wurinmu zaƙi yana da ranarsa. Alkaki da dubulan na biki ne da sallah, dabino na buɗa-baki, alawa da gullisuwa na yara. Babu mai hankalin da zai barbaɗa sukari a miyar kuka. A Tailan kuwa sukari yana shiga taliyar da ake soyawa, yana shiga miya, har ma akan ajiye shi a teburin mai abinci kusa da barkono. Sannan su sa gishiri a cikin abin zaƙi. Wannan cakuɗuwa ce ke rikita harshen baƙo, kuma da zarar ya gane haka, sauran sabo ne.

Wani zai ce batun halal ya fi batun ɗanɗano. Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne a ƙasar da Musulmi ba su wuce kusan kashi 5 cikin 100 ba. Sai dai mafi yawan kayan zaƙinsu na gargajiya garin shinkafa ne da kwakwa da sukari da ƙwai. Inda ya kamata a yi hattara shi ne kayan gashi irin na Sinawa da akan sa wa kitsen alade, da khao mak, shinkafar da ake bari ta tsimu. Majalisar Musulunci ta ƙasar tana buga tambarin halal a kan kaya, kuma a lardunan Pattani da Yala da Narathiwat Musulmi ne suka fi yawa. Tambaya ta wadatar.

Hujjar da na fi ɗauka da nauyi ita ce ta lafiya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga babba. Tailan ta san tana da wannan matsala, shi ya sa ta ɗora haraji kan lemon kwalba a 2017, mu ma dokar kuɗi ta 2021 ta sa naira 10 a kan kowace lita. Wanda ya saba da shayin mai shayi na bakin tasha, wanda madarar gwangwani da sukari suka yi wa kauri, bai kamata ya ɗora laifin ciwon sukari kan Tailan kaɗai ba.

Don haka ɗan Gwaram ko Birnin Kudu da tafiya ta kama, ka tambayi abin da ke cikin kwanon, ka nemi a rage maka sukari, ka ɗanɗana. Ka kuma sa nakiya a jakarka, ka ba mai masaukinka ya ɗanɗani tamu.