Injin Ban Ruwa da Zafin Bazara

Ɗan'uwa mai garka, wannan magana taka ce. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta ƙarfafa ma talakawa noman rani, garake sun yawaita cikin ƙasarmu: albasa a Galmi da kwarin Maggiya, tumatur da kayan miya a Gulbin Maraɗi da Korama, tattasai a bakin Komadugu wajen Diffa. Yau garake da yawa da ƙaramin inji mai shan isansi ake ba su ruwa. Injin nan kuwa yana da wata cuta da ke tashi cikin bazara, watan Maris, Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa.

Ga yadda take. Da safe ka ja igiya, inji ya tashi lafiya lau. Da azahar ka kashe shi don ka gusa da tiyo ko ka yi salla. Ka komo bayan minti 10 ko 15, ka ja, ka ja, da ƙyar ya tashi. In ya tashi kuma, ba ya zama ga ralanti, wato ƙaramin gudu. Ya hau, ya sauka, ya yi tari, ya mutu. Albasa na jiran ruwa, kai kuwa kafaɗarka ta gaji.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN INJI

Inji ba mai kaɗai yake ci ba, gauraye yake ci da iska. In anka auna da nauyi, iska wajen kashi 15 ce, mai kashi 1. Karbirata ita ce ƙwaryar da ake damun. Kamar fura ne: in mai ya kasa, damu ya tsinke; in mai ya yi yawa, damu ya yi kauri. Duka biyu ba su yi ma inji daɗi.

Muddin inji na gudu, fankarsa na hura masa iska. Da ka kashe shi, fanka ta tsaya, amma zafin na nan cikin ƙarfe. Sai ya bi jiki har ya kai ga karbirata. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa, amma sashen isansi mai sauƙi yana fara tafasa tun wajen digiri 40. Man da ke cikin ƙoƙon karbirata sai ya tafasa. Tururinsa ya cika maƙogwaron inji, shi ya sa tashi ke wuya. Ƙoƙon kuma ya rage, kumfa ya shiga hanyoyin mai. Hanyar ralanti ita ce mafi ƙanƙanta, ba ta wuce kafar allura ba, don haka ita ke fara jin ƙishi. Injin da damunsa ke kusa da tsinkewa tun da safe, da rana ne asirinsa ke tonuwa.

Kada ka raina abin. Tsinkakken damu yana ƙara ma inji zafi. In ya daɗe haka, bawul na hayaƙi ya ƙone, sai kai wa bakanike, garka kuwa ta kwana da ƙishi.

GANE CUTA KAFIN MAGANI

Gwaji biyu ne, ba su cin ko dala.

Na farko: inji na gudu da zafinsa, ka rufe cok rabi, wato makullin iskar da kake rufewa da sanyin safiya. In muryarsa ta daidaita, mai ne ya kasa. In ya turnuƙe da baƙin hayaƙi ya mutu, ba ƙarancin mai ke damunsa ba, kada ka ƙara masa.

Na biyu: in ya huce, ka kwance buji ka dubi bakinta. Fari kamar toka, mai ya kasa. Baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Kalar ƙasa, lafiya ke nan. In ka tarar da ita jiƙe tana warin isansi, inji ya sha har ya ƙware: ka shanya ta, ka mayar, ka buɗe cok duka, ka ja.

DUBA WAƊANNAN TUKUNA

Sau da yawa laifin ba na bis ba ne.

1. Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ƙura ko ruwa. Ka tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ka kwance ƙoƙon karbirata ka zubar da abin da ya kwanta.

2. Ƴar kafar ralanti takan toshe. Ka wanke ta da mai, ka hure ta da iska. Kada ka sa allura, za ta faɗaɗa kafar.

3. Tsakanin karbirata da jikin inji akwai wani baƙin faifai mai tare zafi, da takarda gaba da baya. In ya tsage, ko anka manta da shi wajen gyara, iskar sata na shiga, zafi ma na wucewa.

4. Marfin tanki na da ƴar hanyar numfashi. In ta toshe, mai ba ya sauka.

5. Ka share laka da ciyawa daga haƙarƙarin inji. Kada ka cire murfin fanka don wai ya sha iska: murfin ne ke kora iskar inda ake bukatarta.

YADDA AKE ƘARA MAI GA RALANTI

In duk waɗannan lafiya suke, sai a zo ga bis. Bari mu ɗauki injin Honda GX160 da masu kama da shi. Bis biyu ne a jikin karbirata. Ɗaya na tokare hannun gudu, shi ke ɗaga ralanti ko ya sauke shi. Ɗayan ƙarami ne, shi ke auna man ralanti. In ka kwance shi, mai ya ƙaru. In ka ɗaure shi, mai ya ragu.

Ka cika famfo da ruwa, don in ya juya a bushe robar da ke tare ruwa na ƙonewa. Ka bar inji ya yi aiki minti 10 har ya ɗauki zafi, sannan ka sauke shi ga ralanti. Ka lura da inda tsagar ƙaramin bis ta dosa, ka riƙe a ka, don ka iya komawa. Ka kwance shi rubu'in juyi. Ka dakata, ka saurara. In murya ta ƙara ƙarfi da santsi, ka ƙara wani rubu'i. In ta fara nauyi, ka koma baya kaɗan. Wurin da inji ya fi gudu da daɗin ji, nan ake so. Daga nan sai ka daidaita ralanti da babban bis. Masu ƙera shi sun ce juyi 1,400 a minti. Ga kunne, gudu ne natsattse wanda ba ya rawa.

Sannan ka gwada: ka kashe shi minti 10, ka tayar. In ya zauna, aiki ya yi.

Kada ka ɗaure ƙaramin bis da ƙarfi, bakinsa siriri ne, yana karyewa a ciki. Kada kuma ka zarce da kwancewa, in ba haka ba kuɗin mai ya cinye ribar albasa. Wasu sababbin injuna an sa ma bis ɗin hula don kada ya juya da yawa. Ka bar shi iyakar inda hular ta yarda. Mai babur kuma ya kula: a babura da yawa bis ɗin na iska ne, yana gefen matatar iska, kwance shi rage mai yake yi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Kafin ka kashe inji, ka bar shi ga ralanti minti 2 ko 3, fanka ta kwashe zafin. Ka yi masa rumfa mai tsawo, buɗe ta kowane gefe, zana nesa da bututun hayaƙi. Kada ka watsa masa ruwa da zafinsa, ƙarfe na tsagewa. Kada ka zuba mai yana gudu ko yana da zafi.

Masu sauke inji cikin rami don ya kai ga ruwa, ku ji da kyau. Zafi na taruwa a rami, hayaƙi ma haka. Cikin hayaƙin nan akwai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum. Kada kowa ya tsaya gyaran inji cikin rami yana gudu. A fito da shi fili a gyara.

Kai da ka iya karatu, ka karanta ma maƙwabcinka na garka, ku gwada tare. Allah ya sa albarka ga noman bana.