Yazi Dogo da Aikin Ɗan Wasan Kwaikwayo

 Hirarmu ta yau a kan ɗan wasan kwaikwayo take. Yaya yake koyon aikinsa? Ina yake samo maganar da yake faɗi? Za mu ɗauki misali da Yazi Dogo, wanda ya yi suna a Damagaram.

Da farko mu tuna, kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun kaka da kakanni akwai wasan kara. Bayan an gama girbi, samari su kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarai. Su ƙera bindiga da sauran kaya da karan hatsi, su kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu. Da azumi kuma yara su kan yi tashe. Wasan lakwal da na rediyo daga baya suka zo, suka tarar da wannan tushe.

A da, Yazi Dogo malamin makaranta ne. Da rana yana koyar da yara, in an tashi aiki ya tafi wurin wasa. Abokan wasansa ma haka suke, kowa da aikin da yake ci da shi. Ƙungiyarsu ta gidan rediyo ce a Damagaram, kuma da Hausa suke wasa. Saboda haka manomi da ɗan kasuwa da matar gida duk suna jin abin da ake faɗi, ba sai da tafinta ba.

To, yaya suke shirya wasa? Ba su rubuta maganar kowa a takarda, balle su haddace. Sai su zauna su zaɓi matsala guda wadda ta dami mutane, kamar auren dole, ko cin hanci, ko damfarar bokan ƙarya. Su ƙulla labari, su raba shi kashi-kashi. Sa'an nan a ce wane kai ne alhaji, wance ke ce uwargida, wane kai ne ɗan aike. Daga nan kowa ya nemo maganar da ta dace da mutumin da aka ba shi. Su gwada yau, su gwada gobe. Abin da ya yi daɗi a riƙe shi, abin da bai yi ba a zubar. Sau da yawa sunan wasan ma karin magana ne.

Kun ga ke nan aikin ba ƙarami ba ne. Wanda zai fito a matsayin alhaji, sai ya lura da alhazan gaske: yadda suke gyara riga, yadda suke amsa gaisuwa. Wanda zai fito a matsayin ma'aikacin ofis, sai ya san yadda ake ce wa talaka ya komo gobe. Kasuwa da tasha da ƙofar fada su ne makarantarsa. Kuma dole ya kasa kunne ga abokin wasansa, don bai san duk abin da zai fito daga bakinsa ba. In ya yi sakaci, wasa ya tsinke a gaban jama'a.

Zamanin ma ya taimaka musu. A 1974 Seyni Kountché ya hau mulki, ya farfaɗo da samariya a birni da ƙauye. A 1976 aka fara babban bikin matasa na ƙasa, kuma a Damagaram aka yi na farko. Ƙungiyoyi su kan yi gasa daga ƙasa zuwa sama. Ta gari kamar Matamaye sai ta ci a jiharta kafin ta je gasar ƙasa. Da talabijin ta ƙasa ta bazu daga 1979, waɗanda suka saba jin muryar Yazi Dogo sai suka ga fuskarsa. Daga baya ya ci gaba da wasa a Yamai.

Amma akwai wata wahala. Hukuma tana son wasa ya isar da saƙonta, jama'a kuwa suna son jin gaskiyar abin da ke damunsu. Ɗan wasa yana tsakiya. In ya zama kakakin hukuma kawai, mutane su watse. In ya faɗi magana gatsar, ya jawo wa kansa. Dabararsa ita ce dariya. Ba ya ambaton sunan kowa. Ya kan nuna hali ne, mai halin kuwa ya san kansa. Hausawa sun ce, hannunka mai sanda.

Yanzu ga abin da ya shafe mu. Wasan da ba a rubuta ba, a kan masu yinsa yake zaune. In sun tsufa, ko sun watse, ko kasat ya lalace, wasan ya tafi. Abin da aka rubuta shi ne ke tsira. Wata Ba'amurka mai suna Janet Beik ta rubuta littafi a kan wasan Hausa na Nijar, ya fito a 1987. Chaïbou Dan Inna kuma ya rubuta littafi a kan Yazi Dogo, ya fito a 2015. Na farko da Ingilishi ne, na biyu da Faransanci. Da Hausa fa, wa zai rubuta?

Ku da kuka iya karatu yanzu, ga aiki. Ku je wurin dattijon da ya yi wasa zamanin samariya. Ku tambaye shi sunan wasa guda, da mutanen da ke ciki, da yadda labarin ya fara, da yadda ya ƙare. Ku rubuta a littafinku, ko da layi 10 ne. Ku kawo aji a karanta, a gyara, sa'an nan a raba wa kowa nasa, a gwada.