Ashe Ƙarfe Ma Yana Gajiya?



Ranar Asabar na raka babana wurin mai walda a nan Sabon Gari, saboda ƙafar kujerarmu ta ƙarfe ta karye ba tare da wani ƙato ya zauna a kanta ba. Mai waldan ya duba ya ce, "Alhaji, ai ƙarfen ne ya gaji." Na yi dariya, na ɗauka wasa yake yi. Da na tambayi malaminmu na kimiyya sai ya ce gaskiya ne, har akwai malaman jami'a da wannan ne kaɗai bincikensu.

Ku gwada da kanku. Ku sami siririyar waya ku ja ta da hannu biyu, ba za ta tsinke ba. Amma ku lanƙwasa ta gaba da baya sau da yawa, za ku ji wurin ya yi zafi, can sai ta karye. Abin da ke faruwa shi ne, wata 'yar tsaga da ido ba ya gani tana farawa, musamman inda akwai kusurwa ko rami ko tsatsa. Duk lanƙwasawa ɗaya tsagar tana ƙara tsawo kaɗan, har ƙarfen da ya rage ya kasa ɗaukar nauyin.

Wani injiniyan jirgin ƙasa a Jamus mai suna August Wöhler ya yi bincike a kan wannan wajen shekarar 1860, domin sandunan da ke riƙe ƙafafun jirgin ƙasa suna yawan karyewa. Ya gano cewa nauyin da ƙarfe ke ɗauka sau ɗaya lafiya lau zai iya karya shi in aka yi ta maimaitawa.

A 1954 kuma, jiragen saman fasinja guda biyu na Ingila, samfurin Comet, sun tarwatse a sama kusa da Italiya, duk mutanen ciki suka mutu. Masu bincike suka saka gangar jikin wani Comet a cikin babban tankin ruwa, suna matsa shi suna saki sau dubbai, har ya tsage daga kusurwar taga. Shi ya sa tagogin jiragen da ke sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano ba su da kusurwa mai tsini.

Wannan ilimi ya shafe mu. Kullum muna hawa a daidaita sahu, kuma duk ramin da ya faɗa, ƙarfensa ya lanƙwasu sau ɗaya ke nan. Kayan gyaran mota na hannu da ake saye a Ƙofar Ruwa ma, fenti yana iya ɓoye tsagarsu. In kuka ga tsaga a ƙarfen kujerar aji ko a kekenku, kada ku ce ai ƙarama ce, ku faɗa wa malami ko babba.

Mai son wannan aiki sai ya zaɓi ajin kimiyya in ya shiga babbar sakandare, ya riƙe lissafi da fizik da kemistiri. Ana karanta injiniyan injuna shekara 5 a Jami'ar Bayero, ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga nan a yi digiri na biyu da na uku kafin a zama mai bincike.

Ni dai da ina gudun lissafi, amma tun ranar mai walda na dawo layin gaba.